Kumfa a Madubin Malam Muttaka

Shekara tara Malam Muttaka yana koyar da ilimin halittu a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo a Gummi, kuma babu ajin da bai zana wa ƙwayar halittar albasa a allo ba. Hannunsa ya faɗa a kan zanen nan, ko idonsa a rufe zai yi shi: ɗakuna dogaye a jere kamar tubalin gini, kowanne da ɗigo guda a ciki. In ya gama sai ya karkaɗe alli daga hannun riga, ya shaida wa ɗalibai cewa haka ya gan ta da idonsa lokacin da yake kwaleji.

To, ƙarya yake yi. Maikiroskof ɗaya ne a kwalejin tasu, wato madubin nan da ke girmama abin da ido ba ya iya gani, kuma a kulle yake cikin kabad, mai mabuɗin an yi masa canjin wurin aiki ya tafi da shi a aljihu. Ta gilashin kabad suka riƙa leƙensa har suka gama karatu. Da farko maganar ta suɓuce masa ne don aji ya natsu, daga baya ta bi bakinsa, har shi kansa wani lokaci sai ya ji kamar ya gani ɗin.

Ana nan sai aka aiko wa makarantar akwatin kayan gwaji, ciki har da madubi sabo fil. Shugabar makaranta ta miƙa masa shi a gaban malamai tana cewa yau kaya sun zo hannun mai su. Ya karɓa yana murmushi, alhali bai san ta inda zai fara ba. Akwai malamin da ya taɓa amfani da irinsa, amma ina! Mutumin da garin nan ke kira Malam Kimiyya ne zai je ya ce a koya masa? Ya gwammace ya kwana uku yana juya takardar bayanin da ta zo cikin akwati.

Ranar gwaji ya sayi albasa biyu a hanya, ya aje madubi a kan tebur a bakin taga inda rana ke shigowa. Ya ɓare wani yanki mai ɗan kauri, ya ɗora a gilashi, ya ɗiga ruwa, ya kifa ƙaramin gilashin rufi a kai, kif, kamar mai rufe tukunya. 'Yan mata arba'in da ɗaya suka zuba masa ido. Ya leƙa, duhu. Ya murɗa nan, ya murɗa can, gumi na bin bayansa. Can sai ga wasu abubuwa sun fito fes, zagayayyu, farare a tsakiya, da baƙin zobe a gefe. Ajiyar zuciyar da ya yi har 'yan layin gaba sun ji.

Ba su yi kama da zanensa na shekara tara ba, ko kusa. Amma Malam Muttaka ba ya rasa abin faɗa. Ya ce littafi fasali kawai yake nunawa, ainihin abin shi ne wannan, baƙin zoben kuwa shi ne bangon ƙwayar. Aka yi layi, kowace ta leƙa ta koma ta zana zobba.

Ta ƙarshe a layin ita ce Ramlatu, wata siririyar yarinya daga Adabka da ke zaune wurin gwaggonta don karatu. Ba ta da surutu, amma akwai ta da naci, irin masu tambayar da ke sa malami duba agogo. Da ta sunkuya, gefen hijabinta ya ɗan ture gilashin. Ta sa yatsa ta gyara, ta taɓa mamurɗin madubin, sai ta tsaya cik. Ta daɗe har sauran suka fara gunaguni. Ta koma mazauninta fuskarta a washe, ta duƙufa.

Da ya zo duba littattafai, ya tarar ta zana tubali a jere. Ya koma ga madubin da sauri ya leƙa, amma wata ta riga ta jijjiga tebur, bai ga komai ba sai zobbansa. Ya tambaye ta inda ta samo wannan. Ta ce a ciki ta gani, can gefe inda albasar ta yi siriri. Da ya ce ta zo ta nuna masa, da magana ta ƙare nan. Amma ya ji 'yan aji sun yi tsit, ya ga kamar duk shekarunsa tara ne aka ɗora a kan teburin nan. Sai ya ɗaga littafinta sama ya ce ga mai kwafa daga littafin karatu ta ce ta gani, ita kaɗai ce mai ido a cikin mutum arba'in da ɗaya. Aka yi dariya. Ya zabga mata sifili da jan biro, ya sa ta durƙusa a bakin allo har aka kaɗa ƙararrawa, ya ce kada ta dawo masa sai ta zana abin da kowa ya gani.

Bayan mako biyu, ranar kasuwa, wani tsohon ɗalibinsa na makarantar maza mai suna Labbo ya biyo ta makarantar a kan babur don ya gaishe shi. Labbo yanzu gwajin jini yake yi a wani asibiti, kullum idonsa na cikin irin wannan madubi. Malam ya ja shi ɗakin malamai yana taƙama, ya nuna masa sabon kayansu, da gilashin da ya sake haɗawa da safen nan don wani aji. Labbo ya leƙa, ya yi 'yar dariya.

“Mallam, wa yah haɗa wanga? Ai kumhwa ta, iska ce ta shige ƙarƙashin gilashi.”

Malam Muttaka ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a fuska. Bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce yara ne suka haɗa. Wannan ƙarya ta biyu ta fi ta farko yi masa ɗaci, don a gaban wanda ya durƙusa ya gaishe shi ya yi ta.

Labbo ya zare gilashin ya aje gefe. Ya ɗauki albasar, ya karya ɓari guda, ya sa farce ya zare wata fata daga cikinta, siririya har ana ganin yatsa ta bayanta. Ya shimfiɗa ta a ɗigon ruwa, ya ƙara ɗan aidin, maganin nan na rauni mai rina abu, ya jingina gilashin rufi a karkace ya sauke shi a hankali don iska ta fita. Yana yi yana cewa ai haka Malam ya koya musu. Su biyun sun san ba a taɓa yin haka ba, kuma wannan kara da yaron ya yi masa ta fi zagi ciwo.

Malam ya sunkuya. Ga su nan, jere reras, ruwan ɗorawa, kowanne da ɗigonsa. Abin da ya shekara tara yana rantsuwa ya gani, yau ya gan shi, yana da shekara arba'in da biyu. Ya so ya yi murna, amma babu abin da ke gabansa sai yarinyar nan a durƙushe a bakin allo. Ya daɗe bai ɗago ba, don ba ya son Labbo ya ga idonsa.

Kwana biyu yana shirya abin da zai faɗa. Ya yi ta zare fatar albasa a gida har matarsa Atine ta tambaye shi ko tuyar ƙosai zai fara. Ranar Laraba ya shiga ajin da madubi a hannu, ya haɗa gilashi yadda ya kamata, ya tsaya. Ya ce abin da suka zana rannan kumfa ce, kuskurensa ne, kuma shi kansa bai taɓa ganin ƙwayar halitta ba sai shekaranjiya. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka kalli juna. Sannan ya kira Ramlatu, ya ce ta fito ta gaya wa 'yan'uwanta abin da ta gani, don ita kaɗai ce ta gani daidai.

Ta miƙe, amma ba ta matsa daga mazauninta ba.

“Mallam, ban ga komi ba. Daga littahi nid duba.”

Ya ce a'a, ba tarko yake ɗana mata ba, ta faɗi gaskiyarta. Ta maimaita, a ladabce, idonta a ƙasa. Ba gatse take yi ba, ya ga haka a fuskarta. Mako biyu ana kiranta mai ido, ta riga ta yanke wa kanta cewa mutum arba'in da malaminsu ba za su yi kuskure ba, ita ce idonta ya yaudare ta.

Ya taka har inda take ya ɗauki littafinta. Shafin tubalin babu shi, an yage shi tun daga ɗinki. A madadinsa ga zobba bakwai, an zana su da kyau da bakin kwalba, an yi wa kowanne kibiya an rubuta bangon ƙwaya. A ƙasa ga alamar daidai da jan biro, da goma bisa goma, da sa hannunsa.

Ya riƙe littafin, kunya ta hana shi rufewa. Ya ce mata, a hankali, ko za ta zo ta sake leƙawa. Ramlatu ta ce in ya yarda za ta bari sai kowa ya gama, ta ga abin da suka zana tukuna.