Tuwon Dodo na Ranar Alhamis

A shekarar 1986 Malam ya sayo talabijin daga Nguru, gidanmu na Gashua ya koma kasuwa duk ranar Alhamis. Ranar ce ake nuna wasan fatalwa bayan isha'i. Mu ɗaga eriya a kan gora, mu jona batirin mota, maƙwabta su cika tsakar gida da tabarmi. Matan da suka fi kowa ihu su ne suke riga kowa zuwa.

Malam, wato mijina Modu, busasshen barkono yake sayarwa, kuma ba abin da yake ba shi dariya kamar tsoron mutane. Shi ya fara tsokanata, wai tuwona ya yi kama da kan dodo. Na ce to, za ka gani. Alhamis ta gaba na mulmula tuwon shinkafa, na danna masa ramukan ido da yatsa na cusa jan attaruhu, na jera dafaffen wake a matsayin haƙora, na kwarara miyar kuka ta gangaro kamar gashi. Zoɓo kuwa na ce jini ne. Ya yi dariya har ya ƙware. Daga nan ya zama ka'ida, kawuna uku yake cinyewa, kuma daga ido yake farawa.

Bayan shekara biyu ciwon ciki ya kwantar da shi. Muka yi wata guda a asibiti a Nguru, aka sallamo mu ba don ya warke ba. Likita ya ce lallai ya ci abinci, in ba haka ba magani ba zai yi aiki ba. Malam kuwa ko kunu aka kawo sai ya kau da kai. Yayarsa, Ya Fanne, ta biyo mu daga Nguru don jinya. Mace ce mai kirki, amma in ta yanke magana ba mai ƙarawa.

Ranar Alhamis ya ce a fito da talabijin, a kira maƙwabta. Raina ya yi fari. Na shiga madafa na mulmula kawuna shida, ina cewa a zuciyata yau dai zai ci. Ina jera haƙoran na ƙarshe Ya Fanne ta leƙo.

"Innalillahi! Meram, mutum yana kwance za ki kai masa ƙoƙon kan gawa? Mutuwa kike kira masa?"

"Ya Fanne, wasanmu ne da shi."

"Ba a wannan wasan da majinyaci. Me mutane za su ce?"

Ta wanke hannu ta tsince idanun, ta shafe fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Da ta juya neman murfi, na sace guda da ba ta kai gare shi ba, na kife shi da kwano a bayan randa.

Aka kai masa tuwo lami a gaban jama'a. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Yau babu dodo, Meram?"

Ya Fanne tana zaune a gefensa. Taku goma ne tsakanina da randar nan. Kunyar dangin miji ta riƙe mini ƙafa, kuma har gobe ina jin haushin kaina.

"Babu, Malam."

Ya ture kwanon a hankali. Fatalwa ta fito, mata suka yi ihu, bai yi dariya ba. Na ce wa kaina Alhamis mai zuwa zan kai masa, ko da sama za ta faɗo.

Da hantsin Asabar ya cika.

Ba a hura wuta a gidan makoki, maƙwabta ne suke kawo abinci. Kwanuka suka yi kaɗan, Ya Fanne ta shiga madafa nema. Ina zaune cikin mata ta fito da kan dodon da na ɓoye a hannu, ya bushe ya tsattsage, idanun sun yamushe, haƙoran suna nan a jere.

"Wannan kuma mene ne?"

Na karɓa da hannu biyu na ɗora a cinyata. Na ce, "Abincin Malam ne."