Hodar da ke cin barasa

Gwaggo ce ta kai tsegumin, wai a ɗakin gwaje-gwajenmu jarka-jarka ake shigo da barasa, kuma ni ce mai karɓa. Abin haushin, gaskiya ta faɗa.

Washegari sai ga Umma a bakin ƙofa, jaka a hammata, fuska a murtuke.

"Tattara kayanki," ta ce. "Ban kai ki jami'a don ki ƙare a dafa giya ba."

Na sha wuya a kan aikin nan, sai yanzu da ya fara kyau za a ce in tattara? Raina ya ɓaci, amma na haɗiye, na roƙe ta ta gani tukuna. Na ɗora mata tabarau na kariya a kan nata. Ta hau kujera mai juyawa, ta ƙanƙame tebur.

Na nuna mata hodar da nake haɗawa. "Ƙarfe ne da wasu sinadarai suka sarƙe, Umma. Kowace ƙwaya cike take da ramuka kamar soso, a ciki muke maƙala asid. In tururin barasa ya ratsa ta da zafi, sai ya rabu biyu: ruwa, da gas ɗin da ake yin roba da shi."

"Barasar fa?"

"Ta tafi."

Ta leƙa kwalbar da ruwan ke ɗiga a ƙarshen bututu. Fuskarta ta saki.

"Ashe kashe ta kike yi."

Nan take ta fara jera abin da za ta gaya wa Gwaggo, har da kalmomin da ban san ta iya ba. Abokin aikina ya shigo, ta tsare shi da addu'ar Allah ya ba mu nasara a kan shaiɗan. Bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba, ya ce amin.

Da ya fita, ta jawo ni, ta yi ƙasa da murya.

"Ƙulla min cokali ɗaya a takarda. Zan zuba wa yayanki a shayi."

A gidanmu ba a taɓa faɗin maganar Yaya ba. In ya shigo yana dafa bango, cewa ake ya gaji.

"Asid ne, Umma. Zai ƙona masa ciki."

Ta daɗe tana kallon hodar. Sannan ta cire tabarau, ta ɗauki jakarta.

"To me kike tsaye kina kallona? Koma bakin aikinki. In kin samo wadda ba ta ƙonawa, ni za ki fara kira."