Inda Muka Kwantar da Inna

…to ina tsamiyar? Nan take, Inna. Nan na bar ta da Sallar bara — ko can gaba ne? Babu ita. Ko kututture babu. Katafila ta bi ta kan hurumin garinku ta share shi tas. Jar ƙasa kawai, da turaku masu jan fenti a ka, a jere har inda ido ya gaji.

Mutanen garin duk suna bayana. Ina jin numfashinsu a ƙeyata. Ni suke jira. Ni, Yari na Kusfa, wanda in ya ce ana ruwa sai an miƙa hannu waje an taɓa…

Wai wani farin dutse ne a ƙasa, na yin batir. Gwamnati ta ce hurumi nata ne, ta ba kamfani izinin haƙa a gani. Garin ya ce a ina shanu za su yi kiwo, rijiyoyi fa in suka gurɓace? Maza suka kwanta a hanya, mata suka fito da taɓare. Bai hana ba. Ga injin haƙar can a kan babbar mota, dogon wuya, yana jira kamar shi ma an gayyace shi cin tuwo.

Abu ɗaya ya rage. Injiniyar kamfanin, Clara, 'yar Wusasa, Hausarta ta fi ta ɗan sarki daɗi — har rusunawa ta yi.

"Baba, kabari ɗaya za ka nuna mana. Inda ka nuna za mu kewaye shi da waya, inji ba zai matso ba."

Baiwar Allah, ta zaga filin nan tana neman dutse mai suna, irin nasu na Kirista. Suna? Mu da ba ma rubutawa. Itace a kai, itace a ƙafa, fasasshen tulu, shi ke nan. Damina ta zo ta wuce, gara ta ci rabonta, ƙasa ta koma daidai da 'yar'uwarta. Haka malamai suka ce ya fi. Ba su ce mana katafila na tafe ba.

Bikin suna kika zo, gidan Kawu. Zazzaɓi da hantsi, kafin la'asar an rufe miki fuska. Rafi ya cika ya tumbatsa, ba hanyar komawa birni da ke — ruwa na zuba, likkafani ya manne, laka har gwiwa. Ni na shiga ramin. Ni na juya ki gabas. Gemuna bai ma fito ba. Kawu ya tafi, liman na lokacin ya tafi, masu ɗaukar makara duk sun bi ki ɗaya bayan ɗaya. Radiya, 'yar'uwata, mace ce, tana gida tana kuka, ba ta ga wurin ba. Saura ni.

Da safen nan da Inuwa, ɗan Kawu, ya zo da keke mai ƙafa uku ya ɗauke ni a majalisarmu ta Ƙofar Galadima, sai da mai shayi ya ajiye buta don dariya. Duk faɗin Zazzau a rasa mai shaida sai Yari? Mutumin da kura ta rako shi gida ta tsaya suka yi sallama? Na yi dariya ni ma. Na gyara hula. A raina na ce yau za su ga gaskiya tsirara, har su rasa inda za su sa ido.

Don na san wurin. Na sani! Kowace Sallah sai na zo. In jingina bayana da tsamiya, in fuskanci gari, in taka kaɗan, ƙafata ta tsaya da kanta. Ban taɓa riƙe wurin da kai ba, ashe. Itace ne ya riƙe min.

Kuma tsamiyar nan… sau nawa na ba da labarinta? Na ce tana sunkuyawa ran Juma'a. Na ce 'ya'yanta zaƙi gare su kamar dabino tun da aka sa ki a gindinta. Wata rana in dasa ta a bakin rafi, don labarin yana son ruwa. Wata rana in hau da ita tudu. Yanzu na rufe ido ina nemanta, sai ga tsamiya uku, huɗu, kowacce da hujjarta, kowacce da muryata…

Inuwa ya matso, warin goro a kunnena.

"Yaya, nuna ko'ina mana. Wa zai tona? Ai sana'arka ce."

Sana'ata ce. Da a majalisa ne, da tuni na nuna, har da inda aljani ya ajiye sandarsa. Amma in na ce nan, alhali kina can? Su kewaye ƙasa fanko da waya, su yi mata ladabi, sannan su ja injin su kafa shi a — ni na ba su hanya ke nan. Da yatsana. In kuma na ce ban sani ba, hurumi ya tafi gaba ɗaya, da ke, da shanu, da rijiyoyi, a koma ana cewa dama wa ya aiki Yari.

Ina takawa. Rana a tsakar ka. Nan ƙasar ta ɗan lotsa… can ma ta lotsa. Ko'ina taushi, katafila ta gama da ita. To in a kanki nake tsaye fa? Yanzu haka. Da takalmi. A kan fuskarki, Inna —

Na sunkuya na tuɓe su. Don tsoro kawai. Don kunya.

Mene ne wannan ƙarar a bayana? Fat, fat, fat… takalma. Garin duka na tuɓe takalma. Inuwa ya cire hula yana share ido. Liman ya ɗaga hannu ya fara salati. Clara ta rufe kanta da gyale, ta yafito mai guduma, ga shi nan tafe da turke a kafaɗa.

Ban ce komai ba. Wallahi ban buɗe baki ba.

Ku tsaya… a'a, ku — yau da kowa ya yarda da ni, yau ɗin…

Ya kafa turken dab da babban yatsana. Ya ɗaga guduma. Yana dubana, yana jira in gyaɗa kai.