Ɗanye a Cikin Kwando

Tun ina ƙarama ake cewa ni Suwaibatu ba na sa hankali a aiki. In aka tura mu tsinkar tumatir a lambun Baba a Daudawa, kwandona ne kawai ke dawowa da ɗanye a cikin nunanne. Da ƙanwata Ummi ta ce, "Baba, ta kuma," sai ya karyo tsumagiya. Ni dai burina Baba ya yarda ba da gangan nake yi ba.

Bara masu duba ido kyauta suka zo Faskari, na raka Inna. Da aka gama da ita, malamar da ke duba idon ta buɗe mini wani littafi mai ɗige-ɗige masu launi.

"Wace lamba kika gani?"

Na ƙura wa shafin ido.

"Ko ba ki san lamba ba ne, 'yan mata?"

"Na sani, na yi aji huɗu," na faɗa kaina a ƙasa. "Babu lamba a nan."

Inna ta leƙo. "Ke, ga ta nan ƙatuwa! Kada ki ba ni kunya."

Malamar ta yi ta juya shafi, sannan ta rufe littafin. Ta ce idona ba ya raba ja da kore, haka aka haife ni, kuma ba shi da magani. Ta ƙara da cewa da wuya mace ta samu sai in mahaifinta ma yana da shi. Ta rubuta mini a takarda.

Na sami Baba a zaure yana gyara ƙotar fartanya da wuƙa. Na durƙusa, na miƙa masa takardar, na faɗi abin da aka ce. Bai karɓa ba.

"Wa ya ji wannan magana?"

"Inna kaɗai."

"To ta tsaya nan." Ya ci gaba da fiƙar ƙotar. "Shekara arba'in ina noman tumatir. Da yatsa nake latsawa, ba wanda ya taɓa ganewa."

"Baba, ashe ka sani? Kuma kake dukana?"

"Don ki koya. Ke ce kika kasa ɓoye naki, kina neman tona nawa." Ya nuna ƙofa da wuƙar. "Tashi ki ɗauki kwando, rana na yi."