Motar Ishmael Ta Lalace a Jere

"Clara, riƙe masa kai! Kada ki bari ya rufe ido!"

Mama Milka ce ke faɗa mini haka, tana danna waya. Na baro keken ɗinkina da gudu, tef ɗin awo na rataye a wuyana. Mijinta, Tica Kumai, yana kwance a katifa a tsakiyar falo, inda aka shimfiɗa masa tun ranar da likita ya ce a koma da shi gida. Numfashinsa yana fita da ƙyar.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu a bayan tashar jirgi. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa a firamare, ni ma ta ajinsa na bi. Ɗa ɗaya gare su, Ishmael. Shekara goma sha ɗaya ke nan da Tica ya kore shi, don ya bar kwalejin malamai ya bi direbobin tirela. Jiya da yamma tsohon ya buɗe baki ya ce a kira shi.

"Kana ina?" Mama ta yi ihu a waya. "Har yanzu Jere? To ka bar motar mana, ka hau mashin! Babanka yana tafiya!"

Ta durƙusa kusa da ni. "Ki sa shi magana, 'yata. In yana magana ba zai tafi ba."

Sai na ce, "Baba, ba ni labarin jarumin nan da kake ba mu ranar Jumma'a."

Ya buɗe ido kaɗan. "Wanne? Ai duk ɗaya ne."

"Yaya ɗaya?"

"Na bi ƙauyuka, na tambayi tsofaffin ƙabilunmu. Bajju, Atyap, Ham. Suna ne kawai ke canzawa." Ya huta. "Ana haifar sa ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Sai ya bar gida."

"Sannan fa?"

"Ya gamu da tsohuwa a hanya. Ya wanke mata baya, ta ba shi wani abu, ko sanda ko ƙwai." Tari ya sarƙe shi. Mama ta ɗiga masa ruwa da cokali, rabi ya bi gefen baki. "Sai dodo. Dole ya shiga har cikin cikinsa. Mutane su yi makoki, su ce ya mutu."

Idonsa ya fara rufewa. Na girgiza kafaɗarsa. "Baba! Ba ka gama ba!"

"Ya dawo," in ji shi. "Kullum yana dawowa, da ruwa ko da hatsi. Ban taɓa jin wanda bai dawo ba." Ya kama tsintsiyar hannuna da ƙarfin da ban zata yana da shi ba. "Clara, a labaran nan wa ke korar yaron?"

"Ban tuna ba, Baba."

"Kin tuna. Na koya muku." Hawaye ya gangara zuwa kunnensa. "Milka, ya iso Kwoi?"

Mama ta dubi wayar. Ishmael ya samu mashin, amma ko Kagarko bai wuce ba.

"Ya wuce Kwoi," ta ce. "Yana kusa. Ka riƙe, don Yesu ka riƙe."

Muka yi ta yi masa ƙarya gari bayan gari. Na ce ya shigo Kafanchan. Mama ta ce yana bakin kasuwa, masu keke ne suka tare hanya. Tica ya ce a ɗaga shi ya zauna, kada yaron ya same shi a kwance. Muka jingina shi da kujera, na gyara masa wuyan riga. Ya kafe ƙofa da ido.

A haka ya cika, daidai lokacin da 'yan makaranta ke wucewa da hayaniyarsu.

Ƙarfe biyar ta wuce kafin mashin ya tsaya a ƙofa. Matan zumunta na coci sun riga sun cika tsakar gida suna waƙa a hankali. Wani mutum mai furfura a gemu ya shigo, laka har gwiwa, da burodi biyu a leda. Sai da Mama ta kira sunansa na gane shi.

Bai yi kuka ba. Ya zauna a ƙasa, ledar a cinyarsa. Ƙafar Tica ɗaya ta leƙo daga ƙarƙashin zane. Ishmael ya ja zanen a hankali ya rufe ta, ya bar hannunsa a wurin.