Ajiyar Alhaji Sama'ilu

Bayan an gama casar dawa aka kawo kwamfutocin. Alhaji Sama'ilu ne ya zo da su a bayan motarsa, cikin kwalaye da aka ɗaure da igiyar roba. Shi ɗan ƙauyenmu ne, amma a Kano yake aiki. Ofishinsu ya sayi sababbi, za a watsar da tsofaffin, sai ya roƙa a ba shi ya kawo wa Islamiyyar garinsu. Babanmu, Malam Abdulhadi, shi ke kula da makarantar.

Ina bayan ƙofar zaure riƙe da tsintsiya na ji Alhaji yana cewa, "Malam, a ajiye min su a wurinka. In na sami sarari zan zo da mai haɗawa."

Baba ya ce, "To, Alhaji, sun shiga ajiya."

A duk yankinmu an san Baba da riƙon ajiya. Mai tafiya ci-rani yakan bar masa irin shuka, ko keke, ko takardar gona. Abin da aka ba shi a ɗaure, a ɗaure mai shi zai zo ya tarar. Akwai ƙunshin wani Khalilu da ya tafi kudu tun ina goye, har yau yana rataye da ƙullinsa na farko. Inna kan ce ko gyaɗa ce a ciki ai ta gaji da jira ta tsiro. Baba ya jera duwatsu a ɗakin ajiya saboda gara, ya ɗora kwalayen, ya zagaye su da toka, ya rufa musu tsohuwar tabarma.

A shekarar ƙanwata Zulaihatu za ta rubuta jarrabawar shiga jami'a. Ni a firamare na tsaya, ita kuwa ta kai har ƙarshen sakandare a Bici, kuma aikin jinya take so. Baba ya yarda ta gwada, amma sau ɗaya. Inna ta sayar da akuyarta aka yi mata rajista. Jarrabawar a kwamfuta ake yin ta, Zulaihatu kuma ba ta taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta ba. A makarantarsu a allo aka zana musu ita.

Ita ta fara yi wa Baba magana, ta durƙusa bayan ya idar da sallar la'asar. Ta ce guda ɗaya kawai za a buɗe, in ta koya a mayar. Baba ya ce ba kayansa ba ne. Inna ta ce ai don yara aka kawo, Zulai kuma yarinya ce. Ya ce mai kaya bai ce a buɗe ba, ajiyewa ya ce a yi. Da Inna ta ce to a kira shi a waya, sai Baba ya ɓata rai. A ganinsa in ka kira mutum a kan abin da ya yi niyyar bayarwa, ka roƙe shi ke nan, shi kuma bai taɓa roƙon ɗan kowa ba.

Sabo mai cajin waya, wanda ke da sola a rumfarsa ta bakin kasuwa, har gida ya zo. Ya ce a kai guda rumfarsa zai haɗa kyauta.

"Malam, ai ba hatsi ba ce da za ta ragu in an taɓa," in ji shi. "Ita zaman ma shi ke kashe ta."

"Sabo, in ka ba ni wayarka ajiya, ka yarda in ba wani ya yi kira?"

"Wayata? Ai ko ni da kyar take yarda in yi kira."

Baba ya yi ɗan murmushi, amma bai ba da mabuɗi ba.

Daga nan Zulaihatu ta daina roƙo. Sabo ya nuna mata hoton allon maɓallan kwamfuta a wayarsa, ta zana shi da gawayi a kan marfin kwalin taliya. Da rana in mun gama daka sai ta zauna gindin dalbejiya tana danna kwalin da yatsu, ni ina karanto mata tambayoyi a hankali, don Turancin yana yi min nauyi. Gawayin yakan goge, ta sake zanawa. Duk Juma'a ni ke share ɗakin ajiya. Nakan ɗaga tabarmar in kakkaɓe, in ga igiyar robar tana nan yadda Alhaji ya ƙulla, in mayar.

Ana tsakiyar zafin bazara Zulaihatu ta tafi rubuta jarrabawar. Wata cibiya aka tura ta a wajen Rijiyar Zaki, kawunmu ya raka ta. Da ta dawo ba ta ci tuwo ba. Sai washegari, muna wanke-wanke, ta ba ni labari. Ta ce tambayoyin ba su fi ƙarfinta ba. Amma akwai wani ɗan abu mai igiya da ake turawa da tafin hannu, wanda babu shi a kwalinta. Da ta taɓa shi sai kibiyar da ke gilashin kwamfutar ta gudu ta ɓace. Ta ga na kusa da ita har sun yi nisa, kunya ta hana ta ɗaga hannu. Kafin wata mai kula ta lura ta zo ta nuna mata, lokaci ya tafi sosai. Tana cikin amsa darasi na biyu gilashin ya rufe.

Sakamako ya zo ta wayar Sabo. Bai yi wasa ba ranar, ya miƙo mata ta karanta da kanta. Makin bai kai ba.

Ba wanda ya ƙara tayar da maganar a gida. Damina ta sauka, muka shiga shuka da noma. Zulaihatu ta fara soya awara, yaran maƙwabta na kai mata kasuwa. Kwalin da ta yi zanen a kai, da shi ta hura wuta wata safiya da itace ya jiƙe.

Sai da babbar sallah ta zagayo Alhaji Sama'ilu ya zo gida. Ya shigo gaida Baba, suka daɗe suna hirar ruwa da tsadar taki. Baba ne ya tashi da kansa ya buɗe ɗakin, ya yaye tabarmar, ya ce ga ajiyarsa nan yadda ya bari.

Alhaji ya tsaya yana kallon ƙullin. "Malam, wai ba ku buɗe ba? Ai na ɗauka yara sun daɗe da lalata su. Ni wallahi har na manta."

"Ka ce za ka zo da mai haɗawa."

"Ai da kun sa ko Sabo ne. Kayan da za a zubar, Malam."

Baba ya sunkuya yana naɗe tabarmar, ya daɗe yana naɗewa.

Da yamma aka kwashi kwalayen zuwa rumfar Sabo. Ɗaya ɓera ya cinye wayoyinta, ɗaya ta ƙi tashi. Ta ukun kuwa ana jona ta ta yi ƙara, gilashin ya kawo haske. Muna cikin gida muka jiyo ihun yara daga bakin kasuwa.

Baba ya shigo ya tsaya a tsakar gida, kusa da murhu inda Zulaihatu ke tace waken suya. Bai saba tsayawa a nan ba.

"Zulai, an ce guda ta yi. Ki je ki gani mana."

Ta ce, "To, Baba." Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da matse tsumman tatar.

Ya juya ya dubi turken da akuyar Inna take a da, sannan ya koma zaure. Ni na ɗauko mata bokitin ruwa, muka ƙarasa tatar tare kafin a kira magariba.