Kitson da Inna Ta Yi Ta Warwarewa

A shekarar 2006 kitso ne sana'ata, a wani shago da ke gefen Wendover Avenue a Greensboro. Rubutun fim kuwa ni na jajibo wa kaina, ba wanda ya aike ni. Da yamma in je ajin koyon rubutu, da rana in gwada abin da na rubuta a kan matan da suka kawo mini kawunansu. Wadda ake wa kitso ba ta da hanyar gudu. Kai kuma ba ya iya kara: in labari ya yi daɗi wuya sai ya miƙe, in ya yi lami sai in ji kan ya yi nauyi a hannuna.

Wata ƙaramar tashar talabijin ta sa gasa don sababbin marubuta mata baƙar fata, wadda ta ci a ɗauki fim ɗinta. Nawa ya zarce tsawon da suka yanka, dole in zubar da fitowa ɗaya kafin Litinin. Labarin wata budurwa ne da za ta bar Damagaram zuwa Amurka. Akwai fitowar tashar mota, inda take cacar baki da yayanta. Akwai kuma wadda uwarta ke mata kitso ana gobe tafiya, hannun tsohuwar na rawa, tana yi tana warwarewa. Malamarmu ta ce in cire ta kitson, ba abin da ke faruwa a cikinta. Na ji haushi, amma ban da abin da zan kare ta da shi.

Ranar Asabar Anti Jemimah ta zo. 'Yar Jos ce, tana kula da wata tsohuwa a wani ƙaton gida a Irving Park, kuma daga aikin kwana take wucewa wurina. A duk masu zuwa shagon ba wadda ta kai ta barci. Na sha ba ta labari ta amsa mini da minshari, har ta ɓata mini tsaga. Na ce bari dai in gwada, in ma ta yi barcin ba sabon abu ba ne.

Na fara da rigimar tasha, har ina kwaikwayon muryar yayan. Kafin in kai tsakiya kanta ya langaɓe. Na tallabo shi, na shiga fitowar kitson a sanyaye, don na riga na cire rai da ita. Ina cikin cewa uwar ta sake warware layin gaba saboda rawar hannu, sai Anti ta juyo gaba ɗaya, gashin ya kuɓuce mini.

"Chamsou, tsaya. Wa ya ce miki hannunta ne ke rawa?"

"Anti, ai ni na rubuta."

"Ke kika rubuta, amma ba ki gane ba. Matar da ta tsufa tana kitso za ta yi ta karkace layi haka? Haba! Ba ta son ta gama ne. In ta gama, yarinyar za ta tashi daga gabanta." Ta gyara zama. "Ranar da Abigel ɗina za ta tafi kwaleji, na zazzage akwatinta na sake shiryawa, wai zif bai rufu da kyau ba. Lafiyar zif ƙalau."

Na tsaya riƙe da matsefi, bakina ya mutu. Wannan fitowar ba ƙirƙira ta na yi ba. Haka Innata ta yi mini ana gobe zan taho, tun hantsi har la'asar, ina ta cika ina batsewa. Tun daga ranar na ɗauka tsufa ne ya kama hannunta. Duk mai tafiya gida sai na ɗora masa maganin ciwon gaɓoɓi ya kai mata.

Ranar Lahadi na zubar da rigimar tasha, na goge rawar hannun, na bar uwar tana warware kitso mai kyau da yatsu lafiyayyu. Wannan rubutun ne suka zaɓa. Har yau in na tuna Anti Jemimah sai in ji godiya ta cika mini ƙirji, don ta ba ni abin da ya fi fim ɗin.

Tun kafin sakamako ya fito na sayi katin waya na kira Damagaram. Muka gaisa, na ce, "Inna, yaya hannun?"

"Wane hannu?"

"Wanda nake aiko miki da maganinsa."

Ta yi dariya. "Maƙwabciyata nake ba, tana sa miki albarka." Sai ta yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ta ce, "Hannuna lafiya lau, Chamsou. Har gobe ni ke yi wa 'yan unguwa kitso. Su ba na warware musu."